Yawon ganin fadoji da wuraren tarihi a Udaipur, birnin tafkuna: tambayoyin matafiya daga Legas

Waɗannan tambayoyi sun fi fitowa daga 'yan'uwa mazauna Legas, na Agege da Idi-Araba da Obalende da Mile 12, waɗanda saro kaya ko karatu ko rakiyar mara lafiya ke kai su Indiya, suka kuma ga cewa akwai 'yan kwanaki a hannunsu kafin ranar dawowa. An jera amsoshin daga na share fage zuwa masu zurfi, kuma kowace tana iya tsayuwa ita kaɗai.

A ina Udaipur yake, kuma me ya sa ake ce masa birnin tafkuna?

Udaipur yana kudancin jihar Rajasthan, a yammacin Indiya, cikin wani kwari da tsaunukan Aravalli suka kewaye, a tsayin kimanin mita 600 daga doron teku. Tafkunan da suka ba shi suna ba irin ruwan Legas ba ne, wanda yake haɗe da teku kuma yake nan tun fil azal. Ruwa ne da ɗan Adam ya tare da madatsai domin adana na damina a ƙasar da fari ya saba addaba. Mafi tsufa kuma mafi shahara shi ne Pichola, wanda aka tare a shekarar 1362, tsawonsa kimanin kilomita 4, faɗinsa kimanin 3. A arewa da shi akwai Fateh Sagar, kuma akwai hanyar ruwa da ta haɗa su, ta yadda idan ɗaya ya cika sai ya zuba wa ɗan'uwansa.

Sanin wannan yana canza yadda mutum zai kalli garin. Kusan duk abin da ake zuwa gani, an gina shi ne ko dai a bakin ruwan, ko a tsakiyarsa, ko a kan tsaunin da ake hango shi.

Wa ya kafa birnin, kuma me ya kai shi cikin duwatsu?

Maharana Udai Singh na Biyu, sarkin daular Mewar, shi ne ya kafa shi a 1559, daga sunansa kuma aka samo sunan garin. Maharana laƙabin sarautar gidan ne. Tsohuwar hedikwatarsu ita ce Chittorgarh, wata ganuwa a kan dutse da ke tsaye a fili, wadda abokan gaba suka sha yi wa ƙawanya. Da Sarki Akbar na daular Mughal ya kewaye ta a 1567 ya kuma ci ta a farkon 1568, sai Udaipur ya zama mazaunin sarautar. Wurin ya dace da mai neman mafaka: tsaunuka sun tare hanyoyin dakaru, tafki ya kare yamma, ganuwa ta kare sauran ɓangarori. Har yau unguwanni na ɗauke da sunayen ƙofofin ganuwar, irin su Hathi Pol da Chand Pol da Suraj Pol, kamar dai yadda ake cewa Ƙofar Mata ko Ƙofar Nassarawa a Kano.

Ɗansa Maharana Pratap ne gwarzon da mutanen garin suka fi tinƙaho da shi, domin ya ƙi miƙa wuya ga Akbar, ya kuma gwabza da rundunarsa a Haldighati a 1576. Akwai abin lura a wannan yaƙi ga masu ɗaukarsa a matsayin rikicin addini zalla: wanda ya jagoranci rundunar Akbar, Man Singh, Bahinde ne, yayin da ɗaya daga cikin manyan kwamandojin Pratap, Hakim Khan Sur, Musulmi ne.

Daga Legas yaya ake zuwa?

Sai an fara sauka a Delhi ko Mumbai, galibi bayan an canza jirgi a Addis Ababa ko Doha ko Dubai. Daga kowanne cikin biranen biyu akwai jirgin cikin gida da ke kaiwa Udaipur cikin ƙasa da awa biyu. Filin jirgin yana Dabok, kimanin kilomita 22 gabas da gari. Mai son rage kuɗi yana iya shiga jirgin ƙasa na dare daga tashar Hazrat Nizamuddin a Delhi, ya kwana a hanya, ya wayi gari a can bayan kimanin awa 12. Wanda jinya ta kai shi Ahmedabad shi ya fi kowa kusa, domin tazarar kimanin kilomita 260 ce a mota.

Indiya tana neman katin rigakafin shawara, wato katin nan mai ruwan ɗorawa, daga duk wanda ya taso daga Najeriya. Game da biza kuwa, a tambayi ofishin jakadancin Indiya da ke Victoria Island tun kafin tafiya ko nau'in da aka nema ya yarda da yawon buɗe ido, musamman ga masu bizar jinya da ta rakiya. Kowane masauki zai karɓi fasfo ya cike takardar baƙi, don haka kada a bar shi a wani gari. Agogon Indiya yana gaba da na Legas da awa huɗu da rabi.

Wane lokaci ya fi dacewa, kuma kwana nawa za su isa?

Daga Oktoba zuwa Maris. A lokacin tafkuna sun cika da ruwan daminar da ta wuce, rana kuma ba ta da zafi. Sai dai sanyin dare a Disamba da Janairu ya fi kama da hunturun Jos ko Zariya, kuma wanda ya shekara goma a Legas jikinsa ya manta da wannan, don haka a tafi da rigar sanyi. Daga Afrilu zuwa Yuni zafi yana kai maki 40. Damina tana sauka daga Yuli zuwa Satumba. A shekarun fari Pichola ya taɓa janyewa har mutane suna takawa da ƙafa a inda jiragen ruwa ke bi, saboda haka mai zuwa gab da damina kada ya sa ran zai tarar da abin da ya gani a hoto.

Kwana biyu cikakku sun isa ga cikin gari, uku idan za a leƙa waje (duba tambaya ta ƙarshe). Masu zuwa da safe su juya da yamma sukan dawo da hotuna da ciwon ƙafa, amma idan aka tambaye su wace fada ce wannan, sai su yi shiru.

Mene ne a cikin babbar fadar, kuma ta ina ake farawa?

Babbar fadar, wadda taswira da alluna ke kira City Palace, tana kan tudu a gabashin Pichola. Fuskarta ta kai tsawon mita 244, tsayinta kuma ya haura mita 30. Ba gini ɗaya ba ce. Udai Singh ne ya aza harsashi, sannan sarakunan da suka biyo baya kowa ya ƙara nasa sashe har tsawon kimanin shekara 400, kamar yadda Gidan Rumfa ya yi ta faɗaɗa daga sarki zuwa sarki. Daga cikin gari ana shiga ta Badi Pol, sannan a wuce Tripolia mai baki uku. A tsakanin ƙofofin biyu akwai wasu bakuna na dutse inda a da ake ɗora sarki a kan sikeli, a auna nauyinsa da zinariya ko azurfa, a rabar wa talakawa.

Da an shiga gidan tarihin da ke ciki, hanya ɗaya ce ake bi, ba a komawa baya. Lungunan ƙunci gare su, wasu ba sa ɗaukar mutum biyu a jere, ƙofofi kuma gajeru ne har dogon mutum sai ya sunkuya yana dafe da hularsa. An yi haka da gangan, domin maharin da ya kutso dole ya shigo ɗaya bayan ɗaya da kai a ƙasa. A farkon hanya za a ga kayan yaƙin Pratap da siffar dokinsa Chetak sanye da hancin giwa na ƙarya, dabarar da ake cewa tana ruɗa giwayen abokan gaba. Can sama kuma akwai Badi Mahal, wanda ke ba baƙo mamaki: bayan an hau matakala hawa bayan hawa, sai a tsinci kai a cikin lambu mai manyan itatuwa da kwarmin ruwa. Sirrin shi ne itatuwan a ƙasa suke, domin nan ne ƙololuwar tudun, ginin ne aka naɗa a jikinsa. Wurin yana da inuwa da iska, kuma shi ne ya fi dacewa a zauna a huta.

Daga nan ana bi ta ɗakunan da aka lulluɓe da madubai da gilasai masu launi, da wani sashe mai tayil shuɗi da fari na Sin da Holan, har a sauko Mor Chowk, tsakar gidan ɗawisu, inda aka ƙera siffofin tsuntsun a bango da dubban gutsattsarin gilashi kore da shuɗi. A matsa kusa a duba yadda aka jera kowane gashi. Ƙarshen hanya shi ne sashen matan sarki. Akwai kuma ɗakin kayan kiristal mai tikitinsa daban: Maharana Sajjan Singh ya yi odarsu daga kamfanin F. & C. Osler na Ingila a 1877, har da kujeru da gado, ya rasu kafin su iso, suka zauna a akwatunansu shekara 110. A ware awa uku, a kuma isa da an buɗe ƙofa da safe, kafin motocin 'yan makaranta su cika lungunan.

Har yanzu akwai sarki a ciki?

Zuriyar gidan na nan, kuma suna zaune a wani sashe da ba a buɗe wa baƙi ba, amma ba su da mulki. Mewar ta narke cikin tarayyar Indiya bayan samun 'yancin kai a 1947, sannan a 1971 gwamnati ta soke laƙaban sarakuna da kuɗin da take ba su. Wannan ne ya sa aka mai da wani ɓangare gidan tarihi a ƙarƙashin gidauniyar da Maharana Bhagwat Singh ya kafa a 1969, wasu sassan kuma, Shiv Niwas da Fateh Prakash, suka zama otal. Saboda haka kada a zo da tunanin fadar Kano ko ta Oba a Isale Eko, inda ake zaman fada ana kai gaisuwa. Babu dogarai, babu faɗuwa. Mai duba tikiti ne a ƙofa.

Farar fadar nan da ke tsakiyar ruwa, ana iya shiga?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace yawa, musamman daga masu kallon finafinan Indiya. Sunanta na asali Jag Niwas, Maharana Jagat Singh na Biyu ya gina ta tsakanin 1743 da 1746 domin hutun bazara, ta kuma mamaye tsibirin gaba ɗaya, shi ya sa take kamar tana yawo a kan ruwa. Tun 1971 kamfanin Taj ke gudanar da ita a matsayin otal mai tsadar gaske, kuma waɗanda suka kama ɗaki ne ake tsallakar da su. Duk wanda ya tare mutum a titi ya ce zai shigar da shi a kan kuɗi kaɗan, a rabu da shi. A gaskiya kyanta daga waje ne, kuma an fi ganinta daga tagogin babbar fada, ko daga jirgin ruwa, ko daga mashigar Ambrai Ghat a ɗaya gaɓar bayan an kunna fitilu.

To wane tsibiri ake sauka, kuma yaya tafiyar jirgin ruwan take?

Jag Mandir, wanda ya girmi Jag Niwas da kusan ƙarni guda, an kuma kammala shi a zamanin Jagat Singh na Ɗaya. Jerin giwayen dutse ne ke tarbar mai sauka. Tarihinsa ya shafi wani da kowa ya san aikinsa: a 1623 Yarima Khurram, wanda ya yi wa mahaifinsa Jahangir tawaye, ya sami mafaka a nan wurin Maharana Karan Singh. Jikan Akbar ke nan yana ɓuya a gidan da kakansa ya yaƙa. Shi ne daga baya ya hau gadon sarauta da sunan Shah Jahan, ya gina Taj Mahal. 'Yan jagora za su ce ginin Gul Mahal mai ƙubba da ya zauna a ciki shi ne ya ba shi tunanin Taj Mahal. A saurara a matsayin labarin gari.

Jiragen da ke tsayawa a tsibirin suna tashi ne daga mashigar da ke cikin harabar babbar fada, yayin da waɗanda ke tashi daga wasu mashigan sukan kewaya kawai su dawo, don haka a tambaya kafin a biya. Ana ba kowa rigar kariya. Wanda ya saba tsallakawa daga Ikorodu zuwa cikin Legas ba zai ga abin tsoro ba, domin ruwan a kwance yake, babu igiya. Kuɗin jirgin yamma ya fi na safe, kuma ya cancanta, saboda a lokacin rana tana bugun fuskar fadar kai tsaye, ginin ya koma ruwan zuma. Tsarin da ya fi shi ne fada da safe, hutu da salla da rana, jirgi bayan La'asar.

Ina tare da mahaifina wanda bai daɗe da tashi daga jinya ba. Zai iya?

Allah ya ƙara masa lafiya. Cikin gidan tarihin zai yi masa wuya, saboda matakalan da lungunan da aka bayyana a sama, ga shi kuma idan an shiga babu saurin fita. Baba yana iya zama a babbar farfajiyar da ke gaban fada, inda ake ganin fuskar ginin gaba ɗaya, sannan ku shiga jirgin ruwa tare. Lambun Saheliyon ki Bari da titin bakin Fateh Sagar duk a shimfiɗe suke. Kafin komai dai a nemi izinin likitansa game da tafiyar kanta.

Akwai wani babban wurin bauta kusa da fada. Dole ne a shiga?

Ba dole ba ne. Wannan shi ne Jagdish, wurin bautar mabiya Hindu da Jagat Singh na Ɗaya ya kammala a 1651, 'yan taku kaɗan daga Badi Pol. Yana kan tudu, ana hawa da doguwar matakala mai giwayen dutse biyu, bangonsa kuma cike yake da sassaƙa daga ƙasa har sama. Wuri ne da ake ibada a cikinsa kullum, ba kufai ba. Yawancin 'yan'uwa sukan tsaya daga titi su dubi aikin ginin su wuce. Wanda ya hau zai cire takalmi, kuma idan an miƙo masa abin shafawa a goshi ko alawar da aka yi sadaka da ita ga abin bautarsu, ya ɗaga hannu cikin ladabi ya ƙi karɓa. Ba a ɗaukar wannan a matsayin raini.

Yaya batun salla da abinci?

Akwai Musulmi da yawa a garin, ciki har da al'ummar Bohra 'yan kasuwa, kuma masallatai ba sa wuyar samu. Masallacin Paltan da ke shataletalen Chetak sananne ne ga kowane direban keke. Abu ɗaya da ke rikita mutanenmu shi ne alƙibla: mun saba cewa a fuskanci gabas, amma daga Udaipur Makka tana yamma, wajen da rana ke faɗuwa a bayan tafki.

Ba a yanka shanu a Rajasthan, kuma za a gan su suna yawo a lungu ba mai kora. Naman da ake samu na akuya ne da kaza. Yanka iri biyu ne a Indiya, halal da jhatka, wanda ake sare kai da sara ɗaya, saboda haka a tambaya a fili ko a ci a unguwannin Musulmi. Mafi sauƙi shi ne gidajen abincin da ba sa dafa nama sam, kuma su ne suka fi yawa. Alamar ɗigo kore a cikin murabba'i ita ke nuna abincin da babu nama. A gwada dal bati, dunƙulen alkama da ake gasawa a farfasa a cikin miyar wake da man shanu. A sha ruwan gora mai hatimi.

Bayan babbar fada, me ya fi cancanta a cikin gari?

Bagore ki Haveli, gidan wani waziri na ƙarni na 18 mai ɗakuna fiye da 100, a bakin ruwa a mashigar Gangaur Ghat. Ya nuna yadda attajiran fada suka rayu, kuma da daddare ana raye-rayen gargajiya a tsakar gidansa. Mashigar kanta ta fi daɗi da sassafe, lokacin da tattabaru suka rufe matakala, mata na wanki a ƙasa, mai shayi kuma yana zuba shi da zafinsa a 'yan ƙananan kofuna.

Saheliyon ki Bari lambu ne da Maharana Sangram Singh na Biyu ya yi wa matan gidansa a farkon ƙarni na 18, kuma ruwan da ke fesowa a cikinsa gangarowa yake daga Fateh Sagar. Awa ɗaya ta isa. A kan tudun Moti Magri akwai mutum-mutumin Pratap a kan Chetak. Maƙabartar sarakuna a Ahar tana da ɗaruruwan ƙubbobi farare, kuma baƙi ba su cika zuwa ba.

Fadar da ake hangowa a kan tsauni fa?

Sajjangarh ce, wadda Sajjan Singh, mai kayan kiristal ɗin nan, ya gina a 1884 a kan tsauni mai tsayin mita 944 daga doron teku. Ana ce mata fadar damina domin daga nan ake hango tasowar hadari. Cikinta kusan fayau yake, kuma wanda ya je neman ado irin na babbar fada zai ji haushi. Abin zuwa gani shi ne ƙasa: tafkunan a jere, da hanyoyin da suka haɗa su, da tsaunukan da suka yi wa garin zobe, wato duk abin da aka faɗa a tambayoyi biyu na farko a shimfiɗe a gaban ido. Shi ya sa ya fi kyau a bar ta sai yammacin rana ta biyu. Hanyar tana bi ta gandun namun daji, ana biyan kuɗin shiga a ƙasa, kuma birai na fizge abinci daga hannu.

Shin sai an ɗauki ɗan jagora, kuma yaya ake da masu keke da 'yan kasuwa?

A babbar fada yana da amfani, sai dai a ɗauki mai katin shaida a wurin sayar da tikiti, ko a karɓi na'urar bayani ta kunne. A sauran wurare ba a buƙata. A wurare da dama tikitin baƙo ya fi na ɗan ƙasa tsada, kuma a rubuce yake a allo, ba cuta ba ce. A riƙe rufi, kuɗin Indiya, a hannu. Ana canza dala, ba a canza naira.

Lungunan tsohon gari ba sa ɗaukar mota, sai keke mai ƙafa uku, irin Keke Marwa ɗin da aka sani. A yanke kuɗi kafin a hau. Direba ko ɗan jagora zai so ya biya da mutum wani shagon zane ko na yadi inda yake da kamasho. A ce a'a tun farko. Mai son tsaraba ya je kasuwar Hathi Pol ko Bada Bazaar da ƙafarsa, inda ake samun ƙananan zanen hannu na Mewar da gyale mai rinin ɗauri irin na marinar Ƙofar Mata. Wanda ya iya ciniki a Balogun ba ya buƙatar darasi a nan.

Idan akwai kwana na uku, ina za a nufa?

Zaɓi biyu ne, kuma ba a haɗa su a yini ɗaya. Chittorgarh tana kimanin kilomita 115 a gabas, ana zuwa a mota ko jirgin ƙasa, kuma ita ce tsohuwar hedikwatar da aka yi bayani a tambaya ta biyu. Kumbhalgarh tana kimanin kilomita 85 a arewa, Rana Kumbha ya gina ta a ƙarni na 15, a nan aka haifi Pratap, ganuwarta kuma ta kai tsawon kilomita 36 tana hawa tana sauka a kan tsaunuka. Dukansu biyu suna cikin ganuwoyin Rajasthan da UNESCO ta sa a jerin kayan tarihin duniya a 2013. Masu zuwa Kumbhalgarh sukan haɗa da Ranakpur, wurin bautar mabiya Jain mai ginshiƙai 1,444. Hanyar tana da kwana-kwana, don haka a ɗauki shatar mota tun daren jiya, a tashi bayan sallar Asuba, a kuma yi sharaɗi da direba cewa za a dawo kafin duhu.